Ɗaurin Kaya a Baƙin Allo

Tsohon Direba bai taɓa zama a aji ba, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa ba. Haruffa a jikin lambar mota ya koye su. Mutum ne da tirela ta kife da shi a kan gada ya fito yana kaɗe riga, don haka da kwamfutar gidansa ta ƙi nuna komai sai baƙin allo da ɗan farin layi yana ƙiftawa, bai ga abin firgita ba. Abin da ya hana shi sukuni shi ne muryar yayansa marigayi, wadda aka ɗauka suna hira wata rana da rana, kuma babu ita a ko'ina sai a cikin wannan na'ura. Mai gyara ya ce sai an share komai kafin ta tashi.

Ya yi kiran bidiyo ga Auta, 'yarsa da ke aikin kwamfuta a wani gari. Ta ce ya jira ta zo. Ya ce shi da ya taɓa sauke injin mota a tsakiyar daji ba zai zauna jiran kowa ba, ta dai faɗa masa abin da zai danna.

Ya jingina wayar da kofin shayi yadda za ta ga allon, ya soka filashin da zai kwafe muryar a ciki, ya gyara tabarau. Da yatsa ɗaya, mai kauri kamar sifana, ya rubuta cp, wato umarnin kwafa, ya bar fili, sannan ya jero sunan da shi da kansa ya raɗa wa fayil ɗin: muryar Yaya ranar da muka tuna hanya. Ya ƙara adireshin filashin kamar yadda ta karanto masa, ya danna babban maɓalli.

Allon ya zubo layuka. Auta ta fassara masa a hankali: babu muryar, babu Yaya, babu ranar.

Tsoho ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Baba, tana nan, ba ta ɓata ba," in ji Auta. "Duk inda ka bar fili, na'urar gani take wani abu ne daban. Wa ya ce ka ba fayil suna kamar kana ba da labari?"

"Ke kuma da wane suna za ki kira shi? Namba ɗaya?"

Ta yi dariya, ta nuna masa wasu 'yan ƙananan alamomi biyu masu kama da kunnen ɓera. Ta ce ya sa ɗaya a gaban sunan, ɗaya a ƙarshe, sai na'urar ta ɗauke shi a dunƙule. Tsoho ya miƙe zaune. Ya ce ashe ɗaurin kaya ne, igiya gaba igiya baya, abin da ya yi ta yi tun ba a haifi uwarta ba. Ya sa ta farko ya manta ta ƙarshe, allon ya tsaya yana jira. Kafin Auta ta buɗe baki ya ce ya gani, kaya ne aka ɗaure gefe guda. Ya ƙarasa ɗaurin ya danna.

Allon bai ce komai ba. Auta ta ce haka yake yi idan aiki ya yi kyau.

Ya zare filashin ya soka a rediyonsa. Aka yi ɗan ƙara, sai tari, sai muryar Yaya tana tambaya ko abin ya fara ɗauka. Tsoho ya ƙara sauti har ƙarshe, ya ɗauki rediyon ya fita ƙofar gida, inda tela da mai faci ke zaune a benci. Ya ce su matsa, yau za su ji aikin hannunsa.