Zakin da ke Bayan Motar Kumai

Yayana Meshak ya iya rubutu, wannan ba gardama. Duk allon shagon da ka gani a Kafanchan, daga tashar jirgi zuwa kasuwa, in harufan sun miƙe tsaf, to hannunsa ne. Amma zane? Ko ƙwai ka ce ya zana maka sai ya fito da kusurwa. Ni ƙanwarsa ce, Larai, a ƙofar shagonsa nake sayar da kunu, don haka ba labari aka ba ni ba.

Duk da haka sunansa ne a ƙarƙashin hotunan da ke bayan manyan motocin da ke dakon citta daga Kachia. Direba zai kawo mota, Meshak ya kwance ƙyauren baya, ya ce za a shiga da shi gida don kada ƙura ta hau fenti. A cikin gida kuwa matarsa Hellen ce ke jira da gwangwanayen fentinta a gindin mangwaro. Direbobin sun yi imani cewa in mace ta sa wa mota fenti, motar ba za ta ga ƙarshen shekara ba. Har masu zama a bencin gaba a coci haka suka ɗauka. Saboda haka Hellen ta zana, Meshak ya sa suna, ni kuma na kama bakina, abin da ba halina ba ne.

Hellen ba ta kwaikwayon hotunan kalanda. Goliyat ɗinta fuskar wani mahaucin kasuwarmu gare shi. A hoton Daniyel cikin ramin zakuna da ta yi wa wani direba mai suna Kumai, zakin ya kwantar da kai ya lumshe ido kamar wanda ya dawo daga gona.

Wannan zakin ne ya janyo mana Madam Doreen a shekarar 1993. Malamar zane ce daga Kaduna, tana tattara ayyuka don baje koli da kuma wani littafi kan masu zanen zamaninmu. A Kujama ta ga motar Kumai, ta yi ta tambaya har ta iso shagonmu. Ta ce tana son aron ƙyauren, tana kuma son Meshak ya zo ranar buɗewa ya zana zaki a gaban jama'a.

Yayana ya gyara wuyan riga ya ce, "Ba matsala, Madam."

Na kusa ƙwarewa da kununa.

Daga ranar Hellen ta shiga koya masa. Ta riƙe hannunsa, ta nuna masa inda kafaɗa ke sauka, inda haske ke zama a ido. Zakin farko ya fito tinkiya, na biyu tinkiya mai fushi. Abin ya daina ba ni dariya wata rana da na same ta tana wanke buroshi ita kaɗai.

Na kira ta da sunan ɗansu, na ce, "Maman Luke, ke ba ki son a san ke ce?"

Ta daɗe tana murza buroshin cikin kananzir. Sannan ta ce, "Ina so, Larai. Ina so sosai. In mota ta wuce na ji mutane suna yabon shi, sai in ji kamar ɗana ne ake kira da sunan wata. Amma in na faɗa, na kunyata yayanki a gaban gari."

Ashe Meshak yana bayan ƙofa yana neman hularsa. Ya fita ba hular.

Ranar da Madam Doreen ta dawo ɗaukar ƙyauren, Kumai ya faka motarsa a ƙofar shago, wasu direbobi suka taru kallo. Ta ɗaga kyamara ta ce Meshak ya tsaya kusa da zakin. Ya tsaya. Sai ya matsa gefe.

"Madam, dakata. Ni rubutu ne nawa. Wanda ya yi zakin nan yana cikin gida." Ya ɗaga murya: "Maman Luke! Fito mana."

Ta fito da ɗaurin ƙirji da fenti kore a gwiwar hannu. Direbobin suka bi ta da kallo. Ni kuwa hawaye suka zubo mini, don ban taɓa jin ina alfahari da yayana kamar ranar ba.

Kumai ya cire hula ya mayar. "Oga Meshak, kana nufin matanka ne ya yi? Shekara da shekaru ina hawa dutsen Kagoro da hannun mace a bayana?"

Na ce, "Ka taɓa faɗuwa?"

Ya harare ni. Ya ce a cire ƙyauren, Madam ta tafi da shi, ba ya so a dawo masa da shi. Ya sa kafinta ya buga masa fallen katako, ya ja motarsa. Direbobi da dama suka ɗauke ƙafa daga shagon, ba zan ɓoye ba, mun ji jiki a damunar nan.

Hellen ta je Kaduna ɗaure da zanen Zumuntar Mata ta cocinmu, don shi ne mai kyau a akwatinta. Ta zana zakinta a gaban mutane. Da ta dawo ta ce Madam Doreen ta zaunar da ita ta yi ta tambayarta: wa ya koya mata, me ya sa zakunanta ba sa buɗe baki. Ta ce ba a taɓa tambayarta komai kan aikinta ba sai ranar.

Labarin ya kai Kachia kafin kaka. Matan da ke fataucin citta, waɗanda su ne ke ɗaukar shatar motocin, suka fara tambayar direbobi wace mota ce ke da zanen matar nan ta Kafanchan. Wata safiya sai ga Kumai da fallen katakonsa, yana ta sosa ƙeya. Ya gaida Meshak, ya gaida ni, ya rasa yadda zai fara.

Meshak ya ɗauko sifana zai kwance ƙyauren kamar yadda ya saba. Hellen ta ce, "Bar shi a jikin motar, Baban Luke." Ta fito da gwangwanayenta bakin titi ta jera su. Yini biyu tana aiki, masu wucewa suna tsayawa, 'yan mata 'yan makaranta suna makara. Kumai yana zaune a bencina yana shan kunu, bai ɗauke ido daga hannunta ba.

Da ta gama, Meshak ya zaɓi buroshinsa mafi siriri, ya durƙusa a kusurwar da ya saba sa sunansa, zai rubuta nata. Ya ɗago ya dube ta.

"Ƙanana zan yi, ko manya?"

Ta ce, "Yadda na bayan mota zai iya karantawa."