Kafinta na Goma

A shagon kafintocin da ke ƙarshen layin masu sana'a mutum goma ne ke aiki, amma in ka tambayi gwamnati, tara ne. Ba wai gwamnati ba ta iya ƙirga ba ne. Tsohuwar doka ce ta ce duk mai shagon da ma'aikatansa suka kai goma ya zama babban kamfani, sai a lafta masa harajin da ko masu gidan sama kuka suke yi da shi. Saboda haka kaf layin nan, daga masu walda har teloli, ba ka samun wanda ya wuce tara. Aiki ya zo da yawa, a mayar da shi. Saurayi ya zo neman koyon sana'a, a ce masa Allah ya ba da sa'a a gaba. Haka ƙasar ta tsaya cik, kowa na tsoron ya girma a gan shi.

Mutumin da muke magana a kansa kuwa Na Goma ake ce masa, har sunansa na yanka ya kusa ɓacewa a bakin mutane. Shi ke goge katako da samfefa, shi ke fesa fenti. Maigidan shagon ba ya iya rabuwa da shi, ba ya kuma iya rubuta shi. Sai aka samo dabara. A can ƙuryar shago akwai wani ƙaton kabad mai ƙofa biyu, an huda masa ramuka ta baya don iska. Duk wanda ya taya, a ce masa an riga an saya. In masu haraji suka shigo layin, mai gyaran takalmin da ke bakin hanya zai hau dukan tsohuwar tasarsa da guduma, shi kuma Na Goma ya yar da abin da ke hannunsa ya afka kabad ya ja ƙofa.

Da baƙin gemu ya fara shiga kabad ɗin nan, yanzu gemun ya yi fari fat. Abokan aiki kan tsokane shi su ce shi kaɗai ne ma'aikacin da aka ba ofis mai ƙofa biyu. Yakan yi dariya, amma abin na cin ransa. Tara ɗin nan kowa na da katin ma'aikata, da shi ake ganin likita a asibitin ma'aikata, da shi ake samun ɗan abin tsufa. Shi ba shi da ko ɗaya. Tururin fenti ya sa masa wani tari mai taurin kai, matarsa ta taɓa jan sa har asibitin, aka tambaye su kati, suka juyo gida.

Kwatsam sai rediyo ta kawo labarin sabuwar doka. An zaftare haraji, an soke maganar tara da goma, kowane ma'aikaci ɗan abu kaɗan za a biya a kansa. Abin da ya wuce an yafe. Amma daga yanzu duk wanda aka kama ya ɓoye mutum, kwaɗo za a sa wa shagonsa. Nan fa musu ya kaure a shagon. Mai yankan katako ya ce wallahi ƙasa ta farfaɗo ke nan. Mai ɗinkin kushin ya ce a kai kasuwa, masu kuɗi za su zuba ragin a aljihu, talaka ya ci gaba da hamma.

Na Goma kuwa ya gane abin da dokar ke nufi a kansa. Ɓuya ta ƙare. Ko dai Maigida ya rubuta shi, ko ya sallame shi. Maigida kuwa, Allah na tuba, hannun jarirai gare shi, lanƙwasasshiyar ƙusa ma ba ya bari a yar, sai an miƙe ta. Me zai hana shi ya ci ribar ragin da mutum tara, ya rabu da tsoho mai tari?

Ana gobe masu haraji za su zo, Na Goma ya tare Maigida wajen rufe shago.

"Maigida, ni fa ina na dosa?"

Maigida ya daɗe yana juya makulli a hannu. "Ban yanke shawara ba, Baba. Ka bar ni in kwana da ita."

Da Na Goma ya koma gida ya gaya wa matarsa, ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce, "Wanda ya tsaga baki ba ya hana shi abin sawa." Amma ya ga yadda ta tsaya tana kallon keken ɗinkinta, irin kallon da ake yi wa abin da za a sayar.

Washegari da hantsi tasar mai gyaran takalmi ta ɗauki kuka. Ba wanda ya ce wa Na Goma ya shiga, ba wanda ya ce kada ya shiga. Ya dubi Maigida, Maigida ya kau da kai yana kakkaɓe garin katako daga rigarsa. Sai ƙafafunsa suka yi abin da suka saba. Ya tsinci kansa a cikin duhu, gwiwa a ƙirji, hanci cike da warin gam.

Ta tsagar ƙofa ya hango malamar haraji ta shigo, wata dattijuwa mai tabarau da ta daɗe tana zuwa layin. Aka ba ta kujera. Ta bi ma'aikata da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Tara, kamar kullum?" in ji ta.

"Tara ne, ranki ya daɗe," in ji Maigida.

Na Goma ya janye ido daga tsagar ƙofa. Shi ke nan, ta faru ta ƙare. Ya jingina goshi da katako, katakon da shi ya goge shi da hannunsa. Bai ji haushi ba tukuna, kunya ce ta rufe shi, ga shi dattijo mai jikoki a naɗe cikin kabad yana jin ana share shi daga duniya.

Amma Maigida bai bar ta ta tashi ba. "Malama, tsakaninki da Allah, wannan dokar za ta ɗore? Kada mu fito da kai, baɗi a dawo a sare."

"Ban sani ba," ta ce, ba tare da wani kwana-kwana ba. "Na ga an ƙara, na ga an rage, ni dai ana aiko ni. Abin da na sani shi ne, gwamnati caca ta yi da ku. In kuka soke ragin a aljihu kuka zauna tara tara, baitulmali zai bushe, asibiti ba magani, mu ba albashi, a dawo a maido muku da tsohon harajin har da ƙari. In kuka buɗe ƙofa kuka ɗauki mutane, wataƙila a ga haske."

"Wataƙila! Rage haraji zai kawo wutar lantarki ne? Zai gyara hanyar da motar katako ke kafewa?"

"Ni ba wuta aka aiko ni in rubuta ba, mutane ne."

Tari ya taso wa Na Goma tun daga ƙasan ƙirji. Ya cusa hannun riga a baki ya danne, hawaye na zuba. Ya ji ta ja kujera baya, ta zuge jaka.

"To, a tashi lafiya," ta ce. "Bari in ƙarasa wajen teloli. Maƙwabcinka mai walda dai sha biyu ya ba ni yau."

"Sha biyu?" Muryar Maigida ta canja. "Wancan? A ina ya ɓoye har mutum uku?"

"Biyu a banɗaki, ɗaya a cikin tankin ruwan da yake ta ƙerawa ba ya gamawa. Ya ce ma zai nemi aikin kujerun makarantun nan, tunda yanzu ba ya tsoron yawan hannu."

"Kujerun makaranta? Mai walda? Shi da ko benci bai iya daidaitawa ba!"

Ni dai ba zan rantse muku cewa tausayi ne ya motsa Maigida ba. Aikin kujerun nan sau biyu ana kawo masa yana mayarwa don ƙarancin hannu, kuma ya gwammace ya haɗiye ƙusa da ya ga mai walda ya sha gabansa. Wataƙila kuma akwai ɗan tausayin a ƙasa, Allah ne masani. Na Goma dai ya ji takun takalmi yana nufo ƙurya, sai haske ya dalle masa ido.

"Fito, Baba," in ji Maigida, yana kallon ƙasa. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malama, gyara takardarki. Goma ne."

Tarin da Na Goma ya danne ya ƙwace gaba ɗaya. Ya fito da rarrafe, ƙafa ta yi tsami, mai yankan katako ya kama shi ta nan, mai kushin ta can. Wani ya fara tafi, sauran suka ɗauka, har da mai buga samfefa a kan tebur.

Malamar ta dube shi ta saman tabarau. "Sannu, Baba. Tun zuwana na farko na san kabad ɗin nan yana tari. Na ce a raina ba ni zan raba shi da abincinsa ba."

Ta tambayi sunansa. Sai da ya ɗan yi jim kafin ya faɗa, don ya daɗe bai ji shi a bakinsa ba a cikin shagon nan. Ta rubuta, ta buga hatimi, ta yago masa rabin takardar ta ce da ita zai karɓi kati, asibiti ma za su karɓe ta kafin katin ya fito. Ya riƙe da hannu biyu yana dubawa. A wajen ranar fara aiki, ta sa ranar yau.

"Malama, ai na daɗe a nan," ya ce a hankali.

"Na sani, Baba. An yafe wa masu shago abin da ya wuce, to yafiyar ta haɗa da shekarunka. Daga yau za a fara ƙirga maka." Ta ɗan yi murmushin da ba na daɗi ba. "Ƙarshen wata za ka ji a rediyo an samar da sababbin ayyuka. Ka san kana ciki."

Abin ya sosa masa rai, ba ƙarya. Ƙarfinsa duk ya tafi a shekarun da ba a rubuta ba. Amma da ya auna da abin da ya kwana yana tsoro, sai ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ka. Ya saki wata doguwar ajiyar zuciya, ya ce alhamdulillahi har cikin ransa.

Ya raka ta bakin ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Layin ya cika da mutane. Ga wani da tsatsar tanki a gashinsa, ga wata da zare a jikin mayafi, an fito da ita daga bayan tulin yadi. Mutanen da yake gaisawa da su kullum a hanya, ashe duk 'yan uwansa ne a ɓuya. Suka riƙa nuna juna da yatsa suna ƙyalƙyala dariya. Mai gyaran takalmi ya ɗaga tasarsa yana tambaya ko akwai mai saye.

"Baba!" Maigida ya ƙwala daga ciki. "An rubuta ka ba don ka tsaya kallo ba. Fentin nan na bushewa!"

Da yamma tun daga nesa Na Goma ya hango matarsa tsaye a ƙofar gida, hannu a ƙugu, tana karantar tafiyarsa. Ya miƙa mata takardar. Ta goge hannu da zani ta karɓa, ta bi ta da yatsa a hankali tana motsa leɓe.

"Sabon ma'aikaci," ta karanta a fili.

Ta ɗago ta dubi farin gemunsa, ta sake duban takardar. Sai dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har ta dafa bango, dariyar ta juye ta zama kuka. Shi ma ya tsaya yana share ido da bayan hannu, bai damu da maƙwabta na kallo ba.

Da ta samu numfashi ta ninke takardar ta ɗaure a bakin zani.

"To shigo, yaro sabon shiga," ta ce. "Ka ci abinci ka kwanta da wuri, kada ka makara tun a satin farko su kore ka."