Babin da Ya Hana Littafin Farfesa Fita

Littafin na karrama Farfesa ne, kuma kowa ya kawo babinsa sai Dakta, tsohuwar ɗalibarsa. Tsofaffin ɗalibansa ne suka haɗu, kowa ya ɗauki wani fanni na auna tattalin arziki da lissafi ya yi rubutu a kai, don a miƙa masa tun yana da sauran numfashi. Ga shi irin wannan littafi kamar motar haya yake, ba ya tashi sai ya cika.

A ganin mutane ita ta fi kowa sa'a. Ita aka ba ƙa'idar da ta sa Farfesa ya yi suna, wadda ta nuna yadda farashin abinci ke bin na man fetur, aka ce ta gwada ta da sababbin alƙaluma ta tabbatar. Sai ƙa'idar ta ƙi tsayawa. Ta cire shekarun da aka yi fari, ta mayar da su, ta sauya hanyar gwaji, har ta zargi kwamfutar ofis ta aro ta maƙwabcinta. Amsar dai ɗaya ce: aikin da mutumin ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai ya rushe a hannunta.

Editan littafin, wani abokin karatunta mai shegen gaggawa, ya leƙo ofishinta yana huci.

"Haba Dakta! Likitoci sun ce jikin nan sai addu'a. Ki ɗan lallaɓa lambobin mana, wa zai bincika?"

"Shi ya koya mini kada in lallaɓa," ta ce.

"To ki rubuta gaskiyar."

"A littafin karrama shi?"

Ya juya ya fita, ya ja mata ƙofa. Ta zauna tana kallon allon kwamfutar, abin duniya ya ishe ta.

Da ta rasa yadda za ta yi, sai ta tafi asibiti ta faɗa masa da bakinta. Ta tarar ya rame ƙwarai, matarsa na ba shi ruwa da cokali. Amma idon nan da ke firgita aji yana nan.

"Baba, ƙa'idar ba ta tsaya ba," ta ce. "Na bi ta kowace hanya."

Ya yi murmushi irin na da, lokacin da take kawo masa aikin gida da kuskure a layi na biyu. Ko kusa bai ji zafi ba, don bai yarda ba.

"Kullum garaje ne matsalarki, 'yata. Koma ki sake bi a hankali, za ki ga inda kika zame."

Matar ta kawar da kai tana goge ido da bakin mayafi.

Ya laluɓo hannun Dakta ya ɗan matsa, da ƙyar ta ji ƙarfinsa.

"Kada ki bari su matsa miki. Ki ce musu ni na ce a riƙe littafin. Zan jira."