Ranar da Tafinta Ba Ta Zo Ba

Malama tana jera kujeru a ƙaramin ɗakin da ƙungiyar taimakon 'yan gudun hijira ta ba ta aro, sai wayarta ta yi ƙara. Tafinta ce, wai ɗanta ya tashi da zazzaɓi, yau ba za ta samu fitowa ba. Malama likitar ƙwaƙwalwa ce, duk Asabar takan sadaukar da hutunta ta zo nan kyauta, ta saurari mutanen da suka tsira daga hannun masu azabtarwa. Amma ko kalma ɗaya ba ta ji a yaren mutumin da take jira.

Tela ake ce masa, ko da yake yatsunsa da aka karya ba sa iya riƙe allura yanzu. Tun da ya fara zuwa bai taɓa wuce zancen ciwon kai da rashin barci ba. Kafin ta san abin yi sai ga shi ya turo ƙofa, autarsa na biye, yarinya 'yar shekara goma sha uku da ta riga kowa a gidansu iya yaren gari.

"Anti, ina kwana? Baba ya ce ba komai, ni zan fassara. Ko faɗa zai yi da mai kanti ni nake yi masa, har in ƙara gishiri."

Malama ta san ba a ɗora wa yaro irin wannan aiki. Sai dai mutumin ya sha doguwar tafiya. Ta ce a ranta, ai zancen barci ne kawai, a taɓa kaɗan a tashi.

Ashe yau Tela ya zo da niyya. Yana zama ya naɗe hannun rigarsa, tabon ƙuna ya bayyana a jere har gwiwar hannu. Ya fara magana a hankali, idonsa a bango. Ya daɗe yana yi, yana nuna wuyansa, yana nuna tafin ƙafarsa. Da ya tsaya, Malama ta dubi Auta.

"Ya ce kansa na ciwo," in ji yarinyar.

Ya ci gaba, gumi na tsattsafo masa a goshi. Auta ta damƙe gefen kujera kamar za ta ɓalle shi.

"Ya ce... maganin ba ya yi masa aiki."

Malama ta gane yarinyar ɓoye abin da uban yake faɗa take yi. In ta katse shi, wataƙila ya rufe bakinsa har abada. In ta bar shi, duk abin da yake amayarwa a kunnen 'yarsa yake sauka, kuma a nan yake tsayawa. Ta ɗaga hannu.

"Auta, ki ce wa Baba ina so in ji komai, amma ba ta bakinki ba. Ya yi haƙuri sai tafinta ta dawo."

Yarinyar ba ta fassara ba. Sai ta dubi Malama.

"Anti, ai na sani. Da suka jefar da shi a ƙofar gida, ni na riƙe wa Mama kwanon ruwa. Shi bai san na gani ba."

Tela ya dubi 'yarsa, ya dubi Malama. Ba ya jin yaren, amma hawaye ba ya buƙatar fassara. Ya sauke hannun rigarsa da sauri, ya kama hannun Auta, suka fice ko sallama babu.

Makon nan Malama ba ta ga da kyau ba. Ta kai maganar gaban shugabar ƙungiya, ta sha faɗa, ta amsa laifinta. Ta sa tafinta ta kira Tela, wayar na shiga ba a ɗauka. A asibiti tana cikin duba wani sai ta tsinci kanta tana tambayar kanta, ko ya daina fita? Ko ya daina cin abinci? Yarinyar fa, wa ta samu ta yi wa kuka?

Asabar ta zagayo. Lokacinsa ya yi, ya wuce. Duk motsin da aka yi a baranda sai ta ɗago kai. Tafinta ta ce, "Malama, ki zauna mana, kin sa ni jiri da wannan kai-komon."

Har ta fara haɗa jaka sai ga shi, shi da matarsa. Auta kuwa sun bar ta can ɗakin yara, inda ake zane. Ya rufe ƙofa da kansa, ya yi magana gajeriya. Tafinta ta saurara, ta juyo.

"Ya ce nasa labarin zai iya jira. Shi da maman Auta sun zo tambaya ne, ita yarinyar wa zai saurare ta?"

Malama ta ajiye jakar, ta jawo wa uwar kujera. "Ni," ta ce. "Yau ɗin nan, in ta yarda. Amma tukuna ku faɗa min, yaya take barci?"