Ganyen Wankan Tasalla

Tasalla ta rasu da hantsi, ranar wata Laraba cikin bazara, a wani ƙauye mai ganuwa kudu da Malumfashi. Shekarun nan mahara daga arewa sun matsa wa ƙasar, ba mai yin nisa da ƙofar gari sai da dalili.

Maza suka ɗauki fartanya suka tafi haƙa kabari. Tsohuwa, wadda ke yi wa matan garin wankan gawa, ta leƙa tukunyar da mamaciyar ke ajiye magunguna, ta ga wayam.

"Babu ganyen magarya," in ji ta. "Wa zai samo?"

Shafa'atu, matar ɗan Tasalla, ta miƙe. 'Yar masaƙan garin Maska ce, ta tashi tsakanin zare da mazari, ba ta san daji ba. Shekara shida suna gida ɗaya da surukarta, ko sau ɗaya ba su yi sa-in-sa ba. Wata uku na jinya ita ke juya ta, ita ke ba ta kunu a baki. Tana so wannan hidima ta ƙarshe ma ta fito daga hannunta.

Bayan ganuwa kaɗan ta ga itace mai ƙaya da 'ya'ya ƙanana jajaye. Ta cika bakin zanenta ta dawo da sauri.

Tsohuwa ta ɗauki ganye ɗaya ta juya shi.

"Kurna ce wannan, 'yar nan."

"Inna, ba ɗaya ba ne?"

"Wasu da ita suke yi. Amma surukarki da bakinta ta ce mini magarya take so, irin wadda aka yi wa uwarta da ita. Akwai ta wajen rafi. In za ki, yi maza, zafin nan ba ya jira."

Shafa'atu ta sake fita. A bakin rafi itatuwan ƙaya sun yi yawa, duk kamarsu ɗaya a idonta. Ta tsinki wannan, ta yar, ta tsinki wancan. Ƙaya ta yage mata hannu. Sai ta zauna a kan yashi ta fara kukan da ba ta samu yi ba tun safe.

Wata Bafillatana mai suna Mairo, da ta zo ɗiban ruwa, ta ajiye ƙwaryarta ta tambaye ta lafiya. Da ta ji, sai ta karyo reshe biyu ta zauna kusa da ita.

"Kada ki dubi 'ya'yan, su ke ruɗin mutum. Juya ganyen. Na kurna kore ne ciki da baya, sumul. Na magarya bayansa fari-fari ne. Shafa ki ji."

Shafa'atu ta shafa. Akwai laushi kamar gashin jariri.

Tare suka tsinka. Mairo ta raka ta har inda ake hango ganuwa, ta ce Allah ya jiƙan rai, ta juya.

Tun daga ƙofar gari Shafa'atu ta ga maza sun fito ɗauke da makara. Mijinta Mati yana gaba, kansa a ƙasa, bai gan ta ba. Ta raɓe jikin katanga har suka wuce.

A cikin gida Tsohuwa na wanke hannu.

"Liman ya aiko sau biyu," ta ce a hankali. "Da ganyen da kika fara kawowa muka yi. Wankan ya yi, kada ki sa wa ranki damuwa."

Shafa'atu ta kwance bakin zanenta. Tsohuwa ta juya ganye ɗaya, ta daɗe tana kallonsa.

"Ita ce. Shanya shi a inuwa. Na gaya wa mutanen gidanmu, ni ma da ita nake so a yi mini in ranata ta zo."

Shafa'atu ta shimfiɗa shi a faifai ƙarƙashin rumbu, ta koma cikin mata ta zauna karɓar gaisuwa.