Amsoshin Gwaggo Indo

"Awa nawa yana yi cikin rana kullum?" Nas Treasure ta tambaya da Hausarta ta 'yan Abuja, yatsanta a kan kwamfutar hannu.

"Rana? Allah ya kiyaye," in ji Gwaggo Indo. "Daga ɗaki sai mota. Motar ma da esi."

Muhibba ta sunkuyar da kai. Ita ce zabiyar, ita aka tambaya, amma a gidansu ƙaramin mutum ba ya gyara wa babba zance a gaban jama'a. Jama'ar yau kuwa matan layinsu ne na Gwarinpa, sun zo awon hawan jini na kyauta, hannuwansu suna can, kunnuwansu suna nan teburin duba fata.

Na'urar ba ta ganin jikin mutum. Abin da aka gaya mata take tarawa, ta kimanta wanda ya fi kusa da kansar fata. Wanda ta nuna wa ja shi kaɗai zai ga likita yau.

"Fata ya taɓa ƙonewa har ya yi bororo?"

"Ko sau ɗaya. Man shafawarta ma daga waje nake sa a kawo."

Muhibba ta dubi bakin Gwaggo mai jan-baki. Wannan bakin ne ke tashinta kullum ta ɗauki kular zoɓo zuwa Wuse, ta yi ta bin motoci daga hantsi har la'asar. Wannan hannun mai awarwaro ne ya naɗa mata mayafi da safe, ya ja shi sosai ya rufe gyambon bayan kunnenta, wanda tun kafin azumi yake ɓata mata matashin kai da jini.

"Akwai wanda ya taɓa yin ciwon a family?"

"Mu? Babu. Jininmu tsaf yake."

Babu. Haka Gwaggo ta share Yahuza da kalma ɗaya: yayan Muhibba, zabiya kamarta, wanda ya yi noma kai ba hula har ƙurjin wuyansa ya cinye shi. Gwaggon da ba ta je ko gaisuwa ba, wai hanya ba kyau.

Allon ya nuna rawaya.

"Ba damuwa sosai, Madam. Ku kawo shi shekara mai zuwa."

Gwaggo ta gyara jaka, tana raba wa maƙwabta murmushi kamar ita ta ci jarrabawa. Muhibba ba ta tashi ba. Ta sa hannu ta zame mayafin. Treasure ta ga kunnen, ta ajiye kwamfutar a hankali.

"Ke," Gwaggo ta ce ƙasa-ƙasa, "kin san a gidan wa kike kwana?"

"Na sani, Gwaggo." Har teburin hawan jini an ji ta. "Sista, goge duka, ni zan amsa daga farko. Sai na ga likita yau, in ya so na koma na tarar da kayana a bakin get."