Likitan da Zarami Ya Kawo

Baƙar mota Munawwara ta fara gani a ƙofar gidansu na Bolewa, sannan wani takalmi sau ciki mai sheƙi a bakin falon mahaifinta. Inna Asta ta tare ta a tsakar gida kafin ta gama sallama.

"An samu likita," in ji Inna cikin raɗa. "Gobe da safe za a buɗe kan."

"A ina? Wane likita?"

"Zarami ne ya kawo shi. Baffanki har ya ba da hannu."

Tun kwanakin baya da wani bijimi ya haɗa kan mahaifinta Alhaji Jalo da ƙarfen tirela a kara, wato kasuwar shanu, ciwon kai bai sake shi ba. Daga baya hannun dama ya fara sakin kofi, magana ta fara jan ƙafa. Hoton kai da aka ɗauka a Damaturu ya nuna jini kwance a ƙarƙashin ƙoƙon kai. Likitan da ya duba ya ce aikin likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne, ya tura su asibitin koyarwa a Kano. Jalo ya ce ba inda za shi. Tun yana saurayi bai taɓa shiga kasuwar da ba shi da mai masauki ba, balle ya kai kansa wurin mutumin da babu wanda ya san shi.

Ta shiga falon. Baffa yana jingine da filo, ya tallafe hannun daman da na hagu. Zarami, dillalin da ke sayar masa da shanu tun kafin a haife ta, yana zaune a kan darduma, fuskarsa fal da murna. Baƙon kuwa dogo ne fari mai tabarau, hoton kan Baffa a cinyarsa.

"Ga malamar makarantar tamu," in ji Zarami. "Zo ki gaida Dakta Auwal. Na samo wa wannan bawa nawa likita har gida, amma Bafillace ba ya godiya."

"Babarbare ma ya samu baki," in ji Jalo, kalmomin suna fita da ƙyar.

Munawwara ta durƙusa ta gaishe su, amma ba ta tashi ba.

"Dakta, a wane asibiti kake aiki?"

"Asibitin koyarwa, a Kano, sashen ƙwaƙwalwa. Ina leƙowa nan ne don taimakon mutanenmu."

"A ina za a yi aikin?"

Ya ambaci wani asibitin kuɗi da ke hanyar Yindiski. Ta san shi. A nan ƙawarta ta haihu, har aka ɗauke wuta ana haska fitilar waya.

"Ko zan iya ganin katinka na aiki? Ko lambar rajistarka ta likita?"

"Munawwara!" in ji Inna daga bakin ƙofa.

Baƙon ya yi murmushi. "Ƙyale ta, Hajiya, tana da gaskiya. Katin yana cikin ɗayar jakar, gobe za ki gani. Ke ma'aikaciyar gwamnati ce ko? To inshorarki za ta ɗauki rabin aikin. Ki kawo katin kawai, ni zan shirya sauran."

Wannan maganar ce ba ta kwanta mata ba. Ta ce za ta kawo ruwa, ta zaga bayan kicin, ta kira Oche, jami'in da ke kula da inshorar malamai.

"Malama Munawwara, wa ya gaya miki haka?" in ji Oche da Hausarsa ta mutanen Binuwai. "Katinki na ke da mijinki da yara ne, baba ba ya ciki. Kuma wancan asibiti, zazzaɓi da haihuwa muke tura musu. Aikin kai fa? Ko ɗakin da ake ajiye mutum bayan babban aiki ba su da shi. Wane ne likitan?"

Ta faɗa masa.

"Tsaya. Ƙanwar matata, Nanret, nas ce a wannan sashen a Kano. Bari in turo miki lambarta."

Nanret ta ɗauka ana hayaniyar asibiti a bayanta.

"Dakta Auwal? Akwai mana. Babban likitanmu ne, hannunsa yana da kyau ƙwarai."

Munawwara ta sauke ajiyar zuciya, har kunya ta fara kama ta.

"Sai dai ba za ki same shi yanzu ba," in ji Nanret. "Yana ɗakin tiyata tun safe."

"Yau?"

"Yanzu haka. Ni na shirya masa mara lafiyar."

"Sista, yaya kamanninsa?"

"Gajere ne, baƙi, yana da sanƙo. Lafiya?"

Munawwara ta leƙa ta tagar falo. Dogon mutumin yana shan furar Inna, yana dariya da Zarami. Ta gaya wa Nanret komai cikin sauri, har da hannun da ya mutu da maganar da ke jan ƙafa.

"Kada ku bari kowa ya taɓa kansa a can," in ji Nanret, muryarta ta canza. "Kuma kada ku kwana. Ku taho ta ɗakin gaggawa da hoton da takardar turawa, ki kira ni in kun shigo gari."

Ta koma falo ba ruwa a hannunta.

"Baffa, wannan ba Dakta Auwal ba ne. Dakta Auwal yana Kano yanzu, yana cikin tiyata. Na yi magana da nas ɗinsa."

Baƙon ya ajiye ludayi a hankali.

"Mu biyu ne masu sunan," ya ce. "Kullum ana rikita mu."

"To bari in kira ta da bidiyo, ku gaisa."

"Ni ba na wasan yara da waya." Ya juya ga Jalo. "Alhaji, in 'yarka ce ke yanke magana a gidan nan, sai ka gaya mini."

Jalo ya ɗago kai da ƙyar. "Wace ce nas ɗin? 'Yar gidan wa?"

"Ban san ta ba, Baffa, amma..."

"Ba ki san ta ba. Murya ce a waya. Wannan kuwa ga shi zaune, Zarami ya kawo shi, na ba shi hannu, an shafa fatiha. Ban taɓa ba da hannu na janye ba. Ba zan fara da furfura ba."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta taɓa ganinsa ya sallama shanu, farashi ya tashi kafin azahar, bai ce uffan ba. Ko rajista ko inshora ko bidiyo, babu abin da zai motsa shi. Sai ta juya ga Zarami.

"Baba Zarami, in baƙo ya shigo kara da sa, ka kai shi wurin Baffa, me kake cewa kafin a ba da hannu?"

Zarami ya gyara zama. "Ina cewa na tsaya masa."

"In san da ya kawo ya zama na sata fa?"

"Ni za a kama, ni zan amsa. Haka dokar kara take."

"To yau ka faɗa? Ka tsaya wa wannan?"

Jalo ya juya ya dubi abokinsa. Da alama sai yanzu ya lura ba a faɗi kalmar ba.

"Ai likita ne, 'yata," in ji Zarami. "Ba sa ba ne."

"Kan Baffa za a buɗe. Ga Inna, ga ni, shaidu sun cika. Ka ce ka tsaya masa, ni kuma in yi shiru."

Zarami ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar. Ya dubi baƙon tun daga tabarau har safa, irin duban da yake yi wa dabbar da aka shigo da ita ta bayan katanga.

"A ina ka samo shi?" in ji Jalo.

"Wani direban tirela ne ya ba ni lambarsa."

"Wane direba?"

"Na gidan... wanda yake lodin Legas ɗin nan," in ji Zarami. "Ban san mai gidansa ba."

"Ka san garin likitan? Ka san wanda ya taɓa yi wa aiki ya tashi?"

"Ya nuna mini hotuna a waya."

"Zarami. Ka tsaya masa?"

Kalma ɗaya ce, kuma da ita dillalin yake cin abinci a kara.

"Ban tsaya masa ba," ya ce a hankali. "Wallahi ban san shi ba, Jalo. Ganin ka a kwance ne ya ruɗa ni."

Jalo ya lumshe ido. "To babu ciniki. Hannun da aka bayar ba mai tsayawa, ba hannu ba ne."

Baƙon ya miƙe, ya gyara rigarsa. Murmushin ya tafi.

"Ku yi yadda kuka ga dama. Amma jinin nan da ke cikin kansa ba ƙarya ba ne, kuma ƙaruwa yake yi. In ya mutu a hanyar Kano, ke kika kashe shi, malama."

Ya nufi ƙofa da hoton a hammatarsa. Munawwara ta sha gabansa ta zare hoton. Bai yi gardama ba, takalminsa ma a hannu ya kwasa. Kafin Zarami ya fito da niyyar riƙe shi, motar ta karya kwana.

Maganar baƙon kuwa ta zauna mata a ƙirji, domin da ta dawo falo ta tarar da kan Baffa ya langaɓe a filo, Inna tana kiran sunansa yana amsawa kamar daga cikin barci.

"Kano," in ji Munawwara. "Yanzu."

"Ba ni da kowa a can," in ji Jalo, idonsa a rufe.

"Kana da ni, ɗan Fillo," in ji Zarami, yana kiran mota a waya. "Ni na kawo maka ɓarawo har falo, ni zan kai ka. Zan ga likitan da idona kafin ya taɓa ka."

Suka bi ta Azare, Zarami a baya ya riƙe kan Jalo a cinyarsa, yana tsokanarsa don kada ya yi barci. Ya ce Fulani ba su iya komai ba sai bin saniya. Ya ce da ba don Barebari ba, da har yanzu a daji suke kwana. Har Azare Jalo yana ramawa. Bayan Wudil ya daina.

Nanret tana jiran su a bakin ɗakin gaggawa da gadon turawa. La'asar ta yi lokacin da wani gajeren mutum baƙi mai sanƙo ya fito cikin koren kayan tiyata, fuskarsa duk gajiya. Ya ɗaga hoton ga haske, ya buɗe idon Jalo ya haska, ya matsa hannun da ya mutu.

"Ina katinka?" in ji Munawwara, kafin ta iya riƙe bakinta.

Bai ko kalle ta ba, ya juyo mata katin da ke rataye a wuyansa. Ta karanta sunan, ta dubi hoton, ta dubi fuskar. Zarami ma ya matso ya duba, ko da yake ba ya karanta boko.

"Za mu huda ƙoƙon mu fitar da jinin," in ji likitan. "Yawanci suna tashi. Wasu jinin yana dawowa, sai a sake. Hannun kuma ban sani ba tukuna, kun daɗe. Wa zai sa hannu?"

Inna ta dubi Zarami, Zarami ya dubi Munawwara. Ta karɓi biron daga hannun Nanret ta rubuta sunanta, aka tura gadon ciki.